Jinyar Umma da Katin Ƙanwarta

Da sunan Allah nake farawa. Ni ba mai yawan magana ba ce, waɗanda suka san ni a Waziriyya za su shaida. Amma tun da aka sallamo Umma mata suke zuwa dubiya, kowace ta tafi da rabin labari. Wata ta ce hawan jini ne, wata ta ce iska ce. Shi ya sa na ɗauko littafin da na riƙa rubuta komai a ciki lokacin jinyar, na zauna na jera shi a nan, ko Allah zai sa wani ya kauce wa ramin da muka faɗa.

Sunana Nafisa. Karatun tarihi nake yi daga gida, ta waya, da wata jami'a ta Sudan. A unguwar Karantina ta Jidda aka haife ni, iyayena kuwa daga Sudan suka zo. Da aka rushe unguwar muka koma ɗaki biyu a Waziriyya, shekara na zagayowa Baba ya rasu. Iƙamarmu, wato takardar zama, a ƙarƙashin tasa take, don haka da ta ƙare ba mu sami wanda zai sabunta ba. Umma ta ci gaba da daka yaji tana sayar wa masu gasa nama, ni kuma ina karatu. Ba ma zuwa inda za a tambayi kati.

Ni ce 'yar fari, ni ce kuma auta, domin Allah bai ba Umma wani a bayana ba. Saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini, idan kuma tana cikin raha ta ce "mai littafi". Na faɗi wannan ne domin zai dawo a gaba.

Abin ya fara da haƙori. Wani na can ciki ya dame ta, ta je wani ƙaramin wurin cire haƙori da ba a tambayar takarda, ana biya a hannu. Ina tare da ita. Mutumin ya tambaye ta ko tana da wata cuta, ta ce alhamdu lillahi, ba ta da komai. Ni ma ban ce komai ba. Ya cire, ya cusa auduga, muka dawo.

Bayan kamar mako biyu zazzaɓi ya shigo. Ba mai kayar da mutum ba ne. Da safe tana lafiya, tana aikinta, da la'asar sai ta ja bargo ta ce sanyi take ji, a Jidda, a watan da ruwan famfo ke ƙona hannu. Ta daina cin abinci sosai. Na sayi ma'aunin zafi, na tsaga layi a wani sabon littafi: rana, awa, zafi, abin da ta ci, abin da ta sha. Kullum talatin da takwas ne, ko da ɗan ɗori. Umma ta ce na mai da ita jarrabawa.

Maƙwabciyarmu Hajiya Zara, mutuniyar Damagaram, ta leƙo ta taɓa goshinta.

"Wannan palu ne," in ji ta. Haka mutanen Nijar suke ce wa maleriya. "Ina da magani, wata alhajiya ta kawo mini daga gida."

Na ce a hankali, "Hajiya, an ce a Jidda ba a kamuwa da maleriya. Umma kuma ta fi shekara ashirin ba ta fita ƙasar nan ba."

"Ji 'yar boko. Zazzaɓin da ya shiga ƙashi tun daga gida biza yake nema kafin ya tashi?"

Umma ta yi dariya, ta sha maganin kwana uku. Da bai yi ba, Hajiya Zara ta kawo ragowar kafso ja da baƙi da jikanta ya bari. Zazzaɓin ya lafa kwana huɗu ya dawo. Na rubuta sunan kowane magani daga jikin kwalinsa, ba don na san zai yi amfani ba. Halina ne kawai.

A mako na uku Khala Hauwa ta zo daga unguwar Safa. Ƙanwar Umma ce, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara biyu ne tsakaninsu. Mijinta, Ammu Idris, direba ne a wani kamfani, kuma kamfanin ya yi musu katin asibiti shi da iyalinsa. Ta kalli Umma, ta ga yadda zobe ke yawo a yatsarta, ta buɗe jaka ta ajiye katin a kan tabarma.

"Yalla, tashi. Ni da ke in mun sa niƙabi, ko Inna da ta haife mu sai ta ji murya."

"Hauwa, in aka gane fa?"

"Wa zai gane? Rabin Karantina da katin juna suka haihu."

Gaskiya ta faɗa, an saba yin haka a cikinmu, ba a ma ɗauke shi laifi ba, taimako ake ce masa. A mota Khala Hauwa ta riƙa yi wa Umma bita: sunanki Hauwa, 'ya'yanki huɗu, shekarar haihuwarki kaza. Umma tana maimaitawa kamar 'yar makarantar allo.

Likitan da muka gani ya fi kallon kwamfuta a kan kallon Umma. Duk tarihin Khala Hauwa yana gabansa. Ya ce ai wata takwas da suka wuce an duba zuciyarta an ga lafiya lau, wannan ƙila ciwon fitsari ne. Ya rubuta magani na kwana biyar, ya ce ya kauce wa penisilin tunda ba ya karɓarta. Khala Hauwa ce penisilin ke kumbura wa jiki. Umma ta sha shi sau da yawa a rayuwarta ba abin da ya same ta. Ta sunkuyar da kai ta ce to.

Zazzaɓin ya ɓace kwana shida. Muka ce an rabu. Rana ta bakwai ya dawo, da ciwon gaɓoɓi. Muka koma da katin, aka canza magani, ya sake lafawa ya sake dawowa. A mako na biyar ta fara cewa kan yatsunta na mata zafi, wasu ƙananan ƙuraje ja sun fito, masu ciwo in an taɓa. Ta ce barkono ne. Farcenta kuwa baƙi ƙirin suke da lallen bikin 'yar Hajiya Zara, ba a ganin abin da ke ƙasa. Daga baya aka gaya mana akwai alamar da likita ke nema a ƙarƙashin farce.

Ranar Talata ta mako na shida, da hantsi, ina ɗaki ina karatu, Umma tana tankaɗen yaji a ƙofar kicin. Sai na ji an ce, "Nafisa."

Na ɗauka baƙuwa muka yi. Na fito ban ga kowa ba sai ita. Rariya ta kife a ƙasa, yaji ya watse. Ta dafe kanta da hannun dama, na hagu yana kwance a cinyarta kamar ba nata ba.

"Nafisa, kaina. Kamar an sara da gatari."

Shekara ashirin da ɗaya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Tun kafin ta yi amai, tun kafin in lura bakinta ya ɗan karkace, na san abin ya wuce zazzaɓi.

Na kira Ammu Idris, ya taho da Khala Hauwa. Muka nufi babban asibitin da katin ke aiki. A hanya ya waiwayo ya ce, "Kada wanda ya manta. Hauwa ce." Haka aka yi. Aka ɗaura wa Umma farin zare na roba a wuyan hannu da sunan Hauwa. Khala Hauwa kuma, da aka tambaye ta wace ce ita, ta ce yayar maras lafiya ce, sunanta Maryam. Suka yi musayar suna a gaban teburin karɓar marasa lafiya.

Mun yi awa biyu muna jira tsakanin hoto da hoto. Daga nan wata likita ta kira mu, dattijuwa, 'yar ƙasa, mai magana a hankali. Daktora kowa ke ce mata. Ta jawo takarda ta zana bishiya mai rassa. Ta ce waɗannan jijiyoyin jini ne na cikin kai. A can ƙarshen wani siririn reshe bangon jijiyar ya yi laushi, ya kumbura kamar balan-balan, ya ɗan tsage, jini ya zuba. Ta kira kumburin *tamaddud*. Kalmar ta zauna mini har yau. Ta ce sun ga na biyu a wani reshen, ƙarami, shi bai tsage ba tukuna.

"Abin da ya ɗaure mini kai," in ji ta da Larabci, "irin wannan kumburi a irin wannan wuri, ga zazzaɓi, yawanci daga zuciya yake tasowa. Na saurari ƙirjinta na ji ƙara irin ta tsohon ciwo. Amma fayil ya ce wata takwas baya zuciyarta ba ta da komai. Ta taɓa ciwon zuciya tana yarinya?"

Ammu Idris ya ce, "A'a, Daktora."

"Kuma maganin da ya fi dacewa da abin da nake zargi, dangin penisilin ne. Fayil ya ce zai iya kashe ta. Sai mu bi ta wata hanya mu gani."

Aka kai Umma ɗakin kulawa ta musamman. Kowace awa wata ma'aikaciyar jinya tana zuwa ta haska mata ido, ta ce ta matse hannu, ta tambaye ta sunanta da inda take. Da haka suke gane ko jinin yana ƙaruwa. Ranar farko Umma takan nemi fuskar Khala Hauwa, sannan ta ce, "Hauwa." Ina kallon yadda take wahala kafin ta tuno ƙaryar. Washegari da safe ƙarfin yin haka ya ƙare mata. Aka tambaye ta, ido a rufe ta ce, "Maryam."

Ma'aikaciyar ta dubi zaren hannun, ta sake tambaya.

"Maryam Abdullahi."

Ta rubuta wani abu a takarda. Bayan awa ɗaya ta dawo, amsar ba ta canza ba. Sai ta kira wani likita, na ji suna cewa ta fara ruɗewa, ba ta san kanta ba, a shirya a sake mayar da ita hoto. Uwata ta faɗi sunan da ubanta ya raɗa mata, an rubuta cewa hankalinta ya gushe.

Na sami Ammu Idris a baranda yana shan shayi a kofin takarda. Ban taɓa fara yi masa magana ba a rayuwata, sai dai ya tambaya in amsa.

"Ammu, ina ganin ya kamata a gaya musu."

"A gaya musu me?"

"Cewa ba Khala ba ce."

Ya ajiye kofin a kan taga. Bai ɗaga murya ba. "Ya binti, 'yata, kin san abin da kike faɗa? In kin buɗe baki, halas, mun ƙare. Kamfani zai ji, kafilin da ke riƙe da iƙamata zai ji. Ina da yara huɗu a makaranta. Ke da uwarki kuma ba ku da iƙama, kin san inda ake tara mutane kafin a sa su jirgi. Wa kika sani a Sudan yanzu?"

"Ba kowa."

"To. Su likitoci ne, za su gano ciwon da kansu, aikinsu ke nan. Mu namu addu'a."

Ba mugun mutum ba ne. Shi ya ɗauki gawar Baba, shi yake kawo mana shinkafa duk azumi. Duk abin da ya faɗa kuma gaskiya ne. Na ce to, na koma ciki.

Kafin azahar aka aike ni gida in ɗebo wa Umma kaya. A motar haya maganar Daktora ta riƙa dawo mini, ko ta taɓa ciwon zuciya tana yarinya. Lokacin da za mu bar Karantina ni na tattara takardun gidanmu daga cikin gwangwanin biskit na Baba, na sa kowace a leda, na ba ta lamba. Na tuna akwai wata tsohuwar takarda, mai ruwan ƙasa, da rubutun hannu. Ina shiga na jawo jakar daga ƙarƙashin gado. Lamba goma sha huɗu ce. Wani likita a Madani, can Sudan, ya rubuta ta tun Umma tana budurwa. Takardar ta ce Maryam Abdullahi ta yi zazzaɓin gaɓoɓi tana ƙarama, ya taɓa mata ɗaya daga cikin ƙofofin zuciya, kuma ta nuna wannan takarda ga duk wanda zai cire mata haƙori ko ya yi mata aiki.

Na zauna a ƙasa. Ni na sa takardar nan a leda da hannuna. Na karanta ta a lokacin, na ga tsohon abu ne, na wuce ta goma sha biyar. Ranar cire haƙori ina tsaye a gefenta.

Na sa ta cikin littafina na koma asibiti. Sau biyu na je ƙofar ofishin Daktora na wuce kamar ruwa nake nema. Ina tunanin Ammu da yaransa, ina tunanin jirgi, ina tunanin kumburi na biyu da bai tsage ba tukuna. Bayan azahar ita da kanta ta zo zagaye. Khala Hauwa tana tsaye a kan Umma tana shafa mata ƙafa, Ammu ya tafi masallaci. Na shirya magana tun daga mota, amma da Daktora ta dube ni sai bakina ya ƙi. Na miƙa mata ledar kawai.

Ta karanta, ta juya bayan, ta sake karantawa.

"Wace ce Maryam?" Ta dubi Khala Hauwa. "Ke ce, ko? Takardarki ce?"

Da Khala Hauwa ta ce e, da magana ta mutu a nan. Na dube ta, ta dube ni. Na ce, da wata murya da ban san ina da ita ba, "Ta Umma ce. Wadda ke kwance."

Khala Hauwa ta saki ƙafar Umma. Sai ta ɗage niƙabinta.

"Ni ce Hauwa, Daktora. Ni aka duba wa zuciya. Ni penisilin ke kumbura wa."

Daktora ta cire tabarau ta murza idonta. Ta ce, "Kwana biyu ina jinyar matar da ke tsaye lafiya lau a gabana." Ba ta ƙara komai a kan wannan ba. Ta shiga tambaya da sauri. Ta taɓa shan penisilin? An cire mata haƙori kwanan nan? Yaushe zazzaɓin ya fara? Me ta sha? Na buɗe littafina na ba ta. Ta bi layukan da yatsa, ta tsaya a kan kafson Hajiya Zara da magungunan kwana biyar biyar. Ta ce su ne suka riƙa danne ƙwayar cutar ba su kashe ta ba, shi ya sa har yanzu ba ta fito a gwajin jini ba. Ta ɗauki hoton shafukan da wayarta.

Kafin ta fita ta ce, "Ni ba 'yar sanda ba ce, ba zan kira kowa ba. Amma ba zan ci gaba da rubutu a fayil ɗin wata ba. Yau za a canza, kuma ofis zai sani."

Kafin magariba aka yanke zaren hannun aka ɗaura sabo. Aka fara mata maganin da aka hana ta. Washegari aka zura mata wani bututu ta maƙogwaro aka ɗauki hoton zuciya daga ciki. Daktora ta nuna mini: a kan ƙofar da ta lalace, wadda take kira *samam*, ƙwayoyin cuta sun yi gida, wani tsiro yana kaɗawa duk lokacin da zuciya ta buga. Ta ce mai yiwuwa ta ramin haƙorin suka shiga jini. Daga tsiron nan gutsure ke ɓallewa, ya bi jini ya hau kai, ya maƙale a siririn reshe, ya ci bangonsa. Bayan kwana biyu aka bi ta jijiyar cinyarta da wata siririyar waya har cikin kai, aka toshe wanda ya tsage. Awa uku muka yi a kan benci. Na biyun suka ce za a bar shi, a ga ko magani zai shanye shi.

Daga nan muka shiga mako shida na ƙarin magani ta jijiya, dare da rana. Wannan lokacin ya fi mini wuya a kan ranar Talatar. Babu abin yi sai jira. In Umma ta yamutsa fuska sai in miƙe tsaye. In ta yi atishawa sai in kalli bakinta in ga ko ya karkace. Ba za a taɓa zuciyar ba sai kan ya kwanta, kan kuma ba zai kwanta ba muddin zuciyar na jefo masa gutsure. Kowane mako ko biyu a mayar da ita hoto. Na farko suka ce kumburin yana nan yadda yake. Na biyu ma haka. Na daina karatu, na bar jarrabawar zangon ta wuce.

Masu dubiya sun zo da shawara iri iri. Wani ya ce a cire ta a kai ta Masar. Wata ta kawo man habbatus sauda ta ce a ɗiga mata a hanci. Wata ta ja ni gefe ta ce ai ni na jawo wa dangi fitina, da na yi shiru da asibiti ya yi komai a kan katin. Na ji zafin wannan, har yau ina ji. Amma mutanen Karantina na da, waɗanda rushewa ta watsa ko'ina a Jidda, su ne suka yi karo-karo ba tare da mun roƙa ba. Masu gasa naman da Umma ke kai wa yaji suka aiko da nasu. Aka sayar da 'yan gwala-gwalanta, wata ƙungiyar taimako ta ɗauki kaso mai yawa. Hajiya Zara kullum sai ta aiko da kunu, ranar da ta zo da kanta ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka, ta kasa shiga. Umma ta ce a shigo da ita, ai da nufin alheri ta yi.

Abin da Ammu Idris ya ji tsoro ya same shi, ko da bai kai yadda ya zata ba. Aka dakatar da katin iyalinsa, kamfani ya kira shi, aka sa shi ya biya abin da aka kashe da sunan matarsa, aka ja masa kunne a rubuce. Bai rasa aikin ba. Mako uku bai taka asibitin ba. Ranar da ya dawo na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Ya ajiye ledar lemo, ya daɗe yana kallon sunan da ke hannun Umma, ya yi mata addu'a ya fita. Yanzu yana amsa gaisuwata, amma bai sake ce mini ya binti ba.

A hoto na uku kumburin ya ragu. A na huɗu da ƙyar suka gan shi. Bayan haka aka yi aikin zuciya aka sa mata sabuwar ƙofa. Ta tashi. Yatsu biyu na hannun hagu har yanzu ba sa riƙe abu, ni nake tankaɗe yanzu, ita tana faɗa mini awon citta da ƙuli. Maganar iƙama ba ta ƙare ba. Sunanmu ya shiga takarda, wani yana bin mana lamarin, ba mu san ko za mu zauna ko za mu tafi ƙasar da ban taɓa gani ba. Ina kwana da wannan ina tashi da shi.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. In an taɓa gaya maka kana da matsala a ƙofar zuciya, ko shekara talatin ne baya, ka faɗa kafin a taɓa maka haƙori. Zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa mako bayan mako ba na kafson maƙwabta ba ne. Katin wani kuma ba hoto da lamba kaɗai ba ne, jikinsa ne gaba ɗaya kake ara, da lafiyarsa da ciwonsa. Na san abin da ke kai mutane ga aro, ba na zagin kowa. Amma in abin ya kai ga gado, a gaya wa likita wanda ke kwance.

Ranar sallama Daktora ta zo da kanta ta yi gwajin ƙarshe. Ta haska ido, ta ce a matse hannu.

"Sunanki?"

"Maryam Abdullahi."

"Ina kike?"

"Asibiti, a Jidda. Kuma na gaji da shi."

Daktora ta yi murmushi, ta nuna ni. "Wannan fa?"

"'Yata ce."

"Sunanta?"

Umma ta kau da kai ta kalli taga. Daktora ta sake tambaya, Umma ta gyara mayafinta ta yi shiru. Na ga murmushin ya bar fuskar Daktora, ta kai hannu aljihu za ta ciro fitilar. Khala Hauwa ta fashe da dariya har ta dafa gado.

"Bar ta, Daktora, wallahi ta warke. Mu ba ma kiran sunan ɗan fari. Ranar da ta kira shi, ranar muka kawo miki ita."

Sai da na yi bayani sau biyu kafin Daktora ta mayar da fitilar. Ta girgiza kai ta ce ta kusa sa a sake hoto. Ta sa hannu a takardar sallama.

Umma ba ta dube ni ba. Ta ce wa Khala Hauwa da Hausa, "Ki gaya wa Daktora in suna take so, wannan ita ce wadda ta tona mana asiri." Ta miƙo mini hannun hagun in taimaka mata ta sauko. "Allah Ya rufa mata nata."